Dare Mahutar Bawa: Ina Hutun Ma'aikatan Sharaɗa, Chalawa Da Bompai?

Hausawa na cewa dare mahutar bawa. Ko a zamanin da ake saye da sayar da mutane, an yarda cewa idan rana ta faɗi, wanda ya wuni yana yi wa ubangidansa noma yana da damar ya sa haƙarƙarinsa a ƙasa. Amma a birnin Kano na yau akwai ɗimbin mutane, 'ya'ya masu 'yancin kansu, waɗanda wannan karin magana ba ta aiki a kansu. Lokacin da sauran jama'a ke rufe ƙofofinsu, lokacin ne su kuma suke ɗaura takalma su nufi Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai, ba za su komo ba sai gari ya waye. Abin da nake son in jawo hankalin masu karatu a kai shi ne, yadda ake tsara aikin dare a kamfanoni da dama yana cin lafiyar ma'aikata a hankali, gyaransa ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma mu kanmu a cikin ekklisiya muna da namu rabon a wannan gyara.

Bompai ita ce uwa a cikin unguwannin masana'antu na Kano, domin tun zamanin Turawa aka fara kafa kamfanoni a can. Daga baya Sharaɗa ta biyo, sannan Chalawa da ke bakin kogi wajen Panshekara, inda kamfanonin jima suka yi yawa. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na shekarar 1986, ga kuma matsalar wutar lantarki da kwararowar kayan waje, kamfanoni masu yawa sun rufe, musamman masaƙu. Waɗanda suka rage, masu yin leda da bokitan roba da tabarmi da takalma da man girki da minti da sauransu, su ne ke ciyar da iyalai masu yawa a Dakata da Birget da Sabon Gari da Ja'en da Sheka da Kumbotso. A bakin inji guda za ka tarar da mutumin Kudancin Kaduna da na Filato da na Binuwai da Bakano, Kirista da Musulmi, zufa ɗaya suke yi, gyangyaɗi ɗaya kuma ke fizgar su. Wasu kamfanonin sun raba yini uku, awa takwas-takwas. Wasu kuwa sun raba shi biyu, awa goma sha biyu-biyu, 'yan rana su miƙa wa 'yan dare, bayan mako guda a juya.

To, mene ne aibin wannan? Ai mutum zai iya rama barcinsa da rana, in ji wani. A nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi yadda Allah ya gina jikin ɗan Adam.

Duk manomi ya san ganyen gyaɗa da na tsamiya sukan haɗe idan magariba ta yi, su buɗe da safe. A shekarar 1729 wani masani a Faransa mai suna de Mairan ya ɗauki wani tsiro mai irin wannan hali ya kulle shi a wuri mai duhu, sai ya ga ganyen bai fasa buɗewa da rufewa a kan lokacinsa ba, alhali ba ya ganin rana. A shekarar 2013 masana a Japan suka ajiye zakaru a ɗakin da haskensa ba ya canjawa dare da rana, zakarun nan ba su daina cara a daidai asubahinsu ba. An gwada ɗan Adam ma. A shekarar 1962 wani saurayi Bafaranshe, Michel Siffre, ya shiga kogo a ƙarƙashin ƙasa ya yi wata biyu babu agogo babu hasken rana. Lissafin kwanaki ya ɓace masa ƙwarai, amma jikinsa ya ci gaba da kwanciya da tashi a kan zagaye na awa ashirin da huɗu da 'yan mintoci. Ashe agogon a cikin jiki yake, rana saita shi kawai take yi kowace safiya.

Masana sun gano mazaunin wannan agogo. Wani ɗan gungu ne na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin 20,000, a daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Ido ne ke kai masa labarin haske. Idan duhu ya yi, sai ya ba da umurni a saki wani sinadari mai suna melatonin wanda ke shirya jiki domin barci, zafin jiki ya sauka, hawan jini ya lafa, hanji ya rage aiki. Idan asuba ta gabato, sai wani sinadarin ya hau domin ya tashi mutum da ƙarfinsa. A shekarar 2017 aka ba Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel saboda sun bayyana yadda wannan agogo ke juyawa a cikin ƙwayar halitta, ta hanyar binciken ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Yanzu an san cewa hanta da zuciya da hanji kowannensu na da nasa ƙaramin agogo, suna bin babban da ke ƙwaƙwalwa kamar yadda mawaƙa ke bin mai ba da waƙa. Mu mutanen Kano ma Allah ya sauƙaƙa mana, domin tsawon yininmu ba ya canjawa sosai tsakanin rani da damina. Kakanninmu sun yi rayuwarsu a kan agogon da kusan ba ya kuskure.

Wannan agogo ba ya karɓar umurnin manaja. Idan aka juya wa mutum aiki daga rana zuwa dare, agogon jikinsa ba ya matsawa fiye da awa ɗaya ko biyu a kowace rana, shi ma in an yi sa'a, domin hasken safiyar da ma'aikaci ke tararwa a hanyarsa ta komawa gida yana sake mayar da shi inda ya fito. Bincike ya nuna cewa ko a cikin waɗanda aikin dare ne sana'arsu ta kullum, kaɗan ne ƙwarai jikinsu ke juyawa gaba ɗaya. Saboda haka mai aikin mako-mako, kafin jikinsa ya fara sabawa da dare an mayar da shi rana, kafin ya daidaita da rana an sake jefa shi dare. Haka zai shekara jikinsa bai san inda ya dosa ba.

Abu na farko da wannan ke haifarwa shi ne haɗari a bakin inji. Tsakanin ƙarfe uku da ƙarfe biyar na asuba zafin jiki yana kai wa ƙarshen saukarsa, hankali ya yi nauyi, hannu ya yi sanyi. Mutum na iya yin barcin daƙiƙa biyu ko uku idonsa a buɗe bai sani ba, injin da ke yanka roba ko mai matse fata kuwa ba ya jiran kowa ya farka. A shekarar 1997 masu bincike a Ostareliya suka nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarinsa daidai yake da na wanda ya sha barasa har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi. Babu kamfanin da zai bar mashayi ya kama inji, amma ana barin wanda bai yi barcin kirki ba kwana biyar. Wani nazari da aka buga a shekarar 2003, wanda ya tattara alƙaluman haɗurra daga masana'antu dabam-dabam, ya gano cewa idan aka kwatanta da daren farko, haɗari na ƙaruwa da kashi 6 cikin ɗari a dare na biyu, kashi 17 a na uku, kashi 36 a na huɗu. Ya kuma nuna cewa a awa ta goma sha biyu ta aiki, haɗarin ya ninka na awoyi takwas na farko. Duniya ba ta manta ba cewa iskar gubar da ta hallaka dubban mutane a Bhopal ta Indiya a Disambar 1984 cikin tsakar dare ta ɓalle, tashar nukiliya ta Chernobyl kuma da ƙarfe ɗaya da minti 23 na dare ta fashe a Afrilun 1986. Dalilan waɗannan masifu suna da yawa, amma lokacin da suka auku abin lura ne. A nan gida, gobarar da ta tashi a wani kamfanin roba a Ikorodu ta Jihar Legas a Satumbar 2002 ta ci rayukan ma'aikatan dare masu yawa, rahotanni kuma suka ce ƙofofin a kulle suke.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa, domin ba ya zuwa da jini ko ihu. Abincin da aka ci da ƙarfe biyu na dare yana tarar da hanji da hanta suna hutu, sai sukari ya daɗe yana yawo a jini. Zuciyar da ya kamata ta sarara da dare tana ta aiki. A shekarar 2012 wata babbar mujallar likitoci ta Ingila ta haɗa sakamakon bincike 34 da suka shafi mutane sama da miliyan biyu, ta gano cewa masu aikin karɓa-karɓa sun fi sauran ma'aikata haɗarin bugun zuciya da kashi 23 cikin ɗari. Binciken da aka daɗe ana yi a kan ma'aikatan jinya mata a Amurka ya nuna cewa gwargwadon yawan shekarun aikin dare, gwargwadon ƙaruwar haɗarin ciwon sukari. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a 2007 da kuma 2019, ta sa aikin dare cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo wannan ciwo. Ga ciwon ciki, ga saurin fushi, ga baƙin ciki marar dalili. Mutum zai bar aiki yana da shekara hamsin da hawan jini, a ce tsufa ne ko jifa, ba wanda zai tuna da dararen da ya yi a tsaye.

A Kano kuwa abin ya fi tsanani, domin barcin rana a nan yaƙi ne. Ma'aikaci zai dawo da ƙarfe bakwai zuwa ɗaki guda a gidan haya mai rufin kwano, a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu wutar da za ta juya fanka. Maƙwabciya na daka, yara na guje-guje a tsakar gida, mai injin markaɗe ya tayar da nasa, mai bin bashi na sallama. In ya samu awa huɗu ya gode Allah, alhali jikin babban mutum na bukatar awa bakwai ko fiye. Da dare kuma sai ya nemi abin da zai riƙe masa ido: goro, shayi mai kauri, kofi. Waɗannan sukan yi awoyi da yawa a jini, su bi shi har shimfiɗa su hana shi barcin da ya dawo yi. Daga nan wasu samari ke zarcewa zuwa tiramol da sauran ƙwayoyi. Muna yawan wa'azi a kan shaye-shaye, kuma daidai ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai yaran da ba nishaɗi ya kai su ga ƙwaya ba, tsoron kada barci ya kwashe su a gaban inji a kore su ne.

Na san abin da masu kamfani za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Injin da ke narka roba in ya huce, sake ɗumama shi asara ce. Kuɗin gas da na wuta sun yi tashin gwauron zabo, kayan waje na karya farashi, in aka matsa musu su ma rufewa za su yi kamar waɗanda suka riga su. Shi kansa ma'aikacin sau da yawa shi ke roƙon a ƙara masa awoyi, domin tun da aka janye tallafin mai a 2023 albashi ba ya kai wa ƙarshen wata. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ban ce a daina aikin dare ba. Asibiti ma ba ya rufewa da dare, masu gadi da direbobi da masu gidan burodi duk a tsaye suke kwana. Magana a kan tsari take. A shekarar 1982 masana daga Jami'ar Harvard suka sake wa wani kamfanin haƙar ma'adinai a Jihar Utah ta Amurka jadawalin aiki. Da can ana juya ma'aikata baya-baya kowane mako, daga dare zuwa yamma zuwa safe. Sai aka mayar da juyin gaba-gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, yadda agogon jiki ya fi saurin bi, aka kuma tsawaita lokacin da ke tsakanin juyi da juyi. Ma'aikata suka ji daɗin jikinsu, masu barin aiki suka ragu, abin da kamfanin ke samarwa ya ƙaru. Ba a sayi sabon inji ba, takarda kawai aka sake rubutawa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, wadda asalinta na shekarar 1974 ne, ta ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba, a kowane kwana bakwai kuma ya sami hutun yini guda cur. Ta kuma sa shinge a kan sa mata da yara aikin dare a masana'antu. Amma game da dare nawa namiji baligi zai jera, ko duba lafiyarsa, ta yi shiru. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa tun 1990 ta fitar da yarjejeniya mai lamba 171, wadda ta tanadi a riƙa duba lafiyar mai aikin dare kyauta, a ajiye kayan taimakon gaggawa a wurin aiki, wanda likita ya ce dare ba ya karɓarsa a mayar da shi rana, a kuma saka wa ma'aikaci a kan wahalar dare. Wannan ma'auni ne da ƙungiyoyin ƙwadago na Kano za su iya ɗauka su je teburin ciniki da shi.

Mu masu bi ba sai mun jira doka ta koya mana wannan ba. Littafin Farawa ya fara ne da Allah yana raba haske da duhu, yana ba kowanne sunansa. A cikin Dokoki Goma, hutun Asabar bai tsaya ga maigida ba, ya haɗa da barorinsa da baƙonsa har da dabbobinsa. A Farawa sura 31, sa'ad da Yakubu ke lissafa wa Laban wahalar shekara ashirin da ya sha a kiwonsa, ya sa rashin barci a jeri ɗaya da zafin rana da sanyin dare da sauya masa lada sau goma. Ashe tun wancan zamani ana ƙirga barcin ma'aikaci cikin hakkinsa. Annabi Iliya da ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi, ya sake barinsa ya kwanta, sannan magana ta biyo baya. Ubangijinmu Yesu da kansa ya yi barci a cikin jirgi bayan aikin yini. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san darajar ƙailula. Babu addinin da ya ce gajiya zunubi ce.

To amma mu duba gidanmu. Ɗan'uwa ya sauka daga aiki da ƙarfe shida na safiyar Lahadi, ya yi wanka ya taho sujada maimakon ya kwanta, barci ya ɗauke shi a tsakiyar wa'azi, sai mai tsaron ƙofa ya zungure shi a gaban jama'a, wani lokaci ma daga bagade a yi masa habaici cewa ruhun barci ya kama shi. Daren Jumma'a guda ɗaya da yake da shi na hutu, mun sa addu'ar kwana, wanda bai zo ba kuma a ce bangaskiyarsa ta yi sanyi. A Ayyukan Manzanni sura 20, saurayin nan Aftikos ya yi barci sa'ad da Bulus ya tsawaita jawabi har tsakar dare, ya faɗo daga bene na uku. Manzo bai tsaya tsawata masa ba, sauka ya yi ya rungume shi. Addu'ar dare abu ne mai kyau, Ubangiji ma ya yi ta, amma ba bulala ba ce. Ya kamata kowace majalisar dattawa ta san mutum nawa ne a cikin garkenta ke aikin dare, a yi musu sujadar yamma ranar Lahadi, a ɗauke musu nauyin addu'ar kwana ba tare da gori ba. Yawancin ikilisiyoyinmu suna da ma'aikatan jinya a cikinsu, me zai hana sau ɗaya a wata a auna wa jama'a jini da sukari bayan an tashi sujada?

Ga masu kamfanoni da manajoji, waɗanda wasunsu a kujerun gaba suke zama a majami'u da sahun gaba a masallatai, roƙona kaɗan ne. A rage jera darare masu yawa, musamman inda ake awa goma sha biyu. A juya aiki gaba-gaba, a kuma sanar da ma'aikaci jadawalinsa da wuri. Bayan daren ƙarshe a ba shi isasshen hutu kafin ya koma na safe. A yarda masa ya runtsa na minti ashirin a lokacin hutunsa, kada a mayar da shi laifin kora. A haskaka wurin aiki sosai, a kawar da ayyuka mafi haɗari daga gab da asuba, kada kuma a kulle ƙofa a kan mutane da sunan tsaron kaya. Ƙungiyar masu masana'antu reshen Kano za ta iya tattara 'ya'yanta su amince da waɗannan tare, domin kada mai tausayi ya zama shi ne mai asara. Jami'an ma'aikatar ƙwadago masu duba masana'antu su ma su riƙa kai ziyara da dare, domin kamfanin ƙarfe uku na dare dabam yake da na ƙarfe goma na safe.

Ke kuma uwargida, da ku zumuntar mata, barcin maigida da rana ba lalaci ba ne, shi ne darensa. A kawar da yara, a jinkirta daka, a sallami baƙo da haƙuri. Kai kuma ɗan'uwana ma'aikaci, da ka sauka ka wuce gida kai tsaye, ka rataya bargo mai kauri a taga domin ɗaki ya yi duhu, ka kashe waya. Ka ci babban abincinka kafin ka fita, cikin dare ka taɓa abu marar nauyi, ka bar goro da shayi tun da sauran awoyi kafin tashi aiki. In ka ji idonka na rufewa kada ka hau babur. Ka guji ƙwaya ko wane ne ya miƙo maka. Ka riƙa auna jininka tun kafin jiki ya gaya maka, domin rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin ƙarin awoyi na shekara guda ba zai biya jinyar shanyewar ɓarin jiki ba.

Bokitin da muke ɗiban ruwa da shi, da tabarmar da muke shimfiɗawa, da takalmin da yaranmu ke zuwa makaranta da shi, wani ne ya hana idonsa barci ya yi su. Mafi ƙarancin abin da za mu sāka masa da shi shi ne mu tsaya masa a kan hutunsa, a kamfani da gida da majami'a. Allah ya kiyaye ma'aikatanmu a fitarsu da komowarsu, ya ba masu kamfanoni zuciyar tausayi da kasuwa mai albarka, ya zaunar da Jihar Kano da ƙasarmu Nijeriya lafiya. Amin.